Ka Zo Mini da Fuskarmu

Zuwa ga yayana Ma'azu a Kumasi. Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kana lafiya, kai da iyali da cinikin goro. Mutanen Bagudo lafiya lau, gero ya yi kyau, an ce kuma mun sami mulkin kai. Ni kan nawa ne ban samu ba.

Yaya, agana ta shiga gidana da bazara. Aka fitar da ni da matata Mero bukkar bayan gari, ɗiyarmu Hamsatu kuwa aka ƙetare da ita Dahome wurin kakarta, Inna Barira. Mero ba ta fito ba, Allah Ya jiƙanta. Ni na fito, amma ciwon ya cinye tsagen gidanmu da ke kumatuna, ya tafi da ido guda.

Ka san ni da baki. Ni ne na sayar wa Bazabarme gurguwar jaka a Dole Kaina har yana godiya. Masu tsaron iyaka ba su taɓa tambayata takarda ba, fuskata suke gani su ɗaga sanda. Yanzu su ma sai da na faɗi sunan babanmu. Wannan duk na haɗiye.

Hamsatu ce ta karya ni. Na je da alewa, ta dube ni ta ƙwalla ƙara, ta shige bayan turmi, wai babanta mai zane ne. Na yi mata waƙar da nake yi mata, ta toshe kunne. Inna Barira ta ce ba za ta ba da marainiya tana kuka ba. Ta ce in kogin Kwara ya cika yarinyar ba ta biyo ni da ƙafarta ba, ta zama tasu. Na lallashi Fulani da Yarabawa a kasuwa, na kasa da 'yar shekara huɗu.

Wanzami ɗaya ya tsaga mu, kuma kowa na cewa kamarmu ɗaya. Don Allah ka zo. Ka miƙa mata hannu, ni in tsaya bayanka in yi magana, ko ta haɗa muryar da fuskar. Dabarar ke nan da ta rage mini, kuma ruwa ya fara tasowa a Kaoje.

Ka gaida Atika da Sambo da Kawu Maliki. Kada ka aiko saƙo, Yaya, fuskar nake so.

Ƙaninka,
Namadi