Baba a Kujerar Gaba

Yaya Audu,

Ƙaninka Bala ke gaisuwa daga Jibiya. Ya Legas, ya iyali, ya jikinka?

Allah ya saka wa manyan cocinmu da alheri! Da aka fara Shari'ar Musulunci suka tsere Kudu, suka bar mana kujerun gaba. Ka san Baba ya rantse zai koma tsafi muddin ana zaunar da manoma baya. Ran Lahadi ɗaya daga cikinsu, wani babban ɗan kwastan, ya dawo, ya tarar da Baba bisa kujerarsa. Baba ya ce, "Yallaɓai, an yi annabci, Almasihu zai daidaita tudu da kwari." Mutumin ya yi dariya, ya nemi benci. Baba na nan daram.

A gaida yara, a sa mu a addu'a. To, annabcin ne ya cika, ko tsoro ya fi Fasto iya wa'azi?