Ni na jona solar da ta kayar da Malam Isiyaku, amma mai aski ake zargi

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na sauya su. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, zagin ma na san na cancance shi.

Ni matar aure ce da ɗa ɗaya, muna haya a wani bene a cikin garin Bebeji, mu a sama, a ƙasa kuma akwai shagon wani mai aski da ɓangaren maƙwabcinmu mai gyaran wutar lantarki, zan kira shi Malam Isiyaku. Mijina awon masara yake yi, yawanci yana Doguwa ko Tudun Wada, sai ya yi kwana huɗu biyar bai leƙo gida ba. Kun dai san halin wuta a wajenmu, kuma saman bene da bazara kamar tanda yake, shi ne bana ya sayo mana ƙaramar sola, faranti biyu da akwati guda mai batir a ciki. Malam Isiyaku ne ya ɗaure mana farantan a jikin ƙarfen baranda, ko sisi bai karɓa ba, ruwan sanyi kawai ya sha. Wanda ya sayar da solar ya haɗo wa mijina wata waya mai kai biyu, a soka ɗaya a akwatin, ɗaya a soket ɗin bango, sai wuta ta zagaye ɗakunan har fankar sama ta juya. Malam Isiyaku yana ganin wayar nan ya ɓata rai, ya ce, "Wannan kashe mutum take yi. In kun ce sai kun jona ta, to ku fara kashe babban makunnin da ke bakin ƙofarku, in ba haka ba wutarku za ta bi waya ta sauko har wajen mita a ƙasa." A gabana ya faɗa, da kunnena na ji, har na ce masa in sha Allahu.

Wata ranar Talata bayan azahar, kwana biyu ba a kawo wuta ba, mijina yana Doguwa, yarona yana ta zazzaɓi tun safe yana kuka, jikinsa duk ƙurajen zafi. Na ɗauko wayar na jona, fanka ta fara juyawa, na kwantar da shi. Wallahi tallahi makunnin nan bai faɗo mini a rai ba. Ashe a daidai lokacin mai gidan hayar ya sa Malam Isiyaku gyaran wata waya da ta ƙone a wajen mita, ya cire fis ɗin da ke shigo da wutar layi, ya hau tsani hankalinsa kwance. Ko minti goma ba a yi ba na ji ƙara, na ji faɗuwar tsani, akwatin solar ya kama kuka. Na leƙa ta baranda na hango shi a kwance, bayansa a kan bakin kwata. 'Yan uwa, abin da ya fi ci mini rai shi ne ban fara sauka ƙasa ba, abu na farko da na yi shi ne na fizge wayar nan na cusa ta cikin buhun shinkafa, sannan na sa hijabi na sauka ina salati tare da mutane.

An kai shi asibiti a Kano, ya yi makonni, aka dawo da shi, likitoci sun ce lakarsa ta taɓu. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba abin da ke motsi. Mutumin da ke hawa fal ɗin wuta kamar yaro, yanzu sai an juya shi, yaransa huɗu, ƙaramar ko yaye ta ba a yi ba.

Da farko kowa cewa yake masu wuta ne suka kawo ba zato, ƙaddara ce. Sai da Malam Isiyaku ya dawo hayyacinsa ya ce shi da hannunsa ya cire fis, wutar da ta ja shi daga cikin gidan ta fito. Nan ƙannensa suka tuna cewa a ranar janaretan mai aski yana kunne. Mai askin zan kira shi Sabo, mutumin Ƙofa ne, kullum da babur yake zuwa. Ya yi rantsuwa ya ƙara, ya nuna musu wayarsa daga janareta kai tsaye take shiga shagonsa, ba ta haɗu da ta gidan ba, amma ba wanda ya saurare shi, har mari ɗaya daga cikinsu ya kai masa a gaban mutane. Yanzu an daina zuwa aski wajensa, mai gidan hayar ya ce ya tashi ƙarshen wata. Mu kuwa ba wanda ya kawo mu a ransa, don mutane gani suke sola ɗan abin cajin waya ne, ba ta kai ta ja mutum ba.

Da mijina ya dawo ya tambaye ni ko na jona ranar, na ce a'a. Na yi sati uku ina riƙe da ƙaryar nan, na rame har ana tambayata ko ciki ne da ni, daga baya na kasa, na faɗa masa. Ya fara faɗa, ya ce shi kam na kashe shi, ya ce in maganar ta fita ƙannen nan ba za su bar mu ba, za a ɗaure shi tunda shi ya kawo wayar, kuma ba mu da abin da za mu riƙe mutum da iyalinsa har ƙarshen rayuwa. Na ce to Sabo fa, ya ce Sabo Allah zai wanke shi. Na ce ta bakin wa, in mu mun yi shiru. A nan ne ya ce in na buɗe baki na faɗa wa ko da mahaifiyata ce, a bakin aurena. Ya ɗauki wayar ya tafi da ita, ban san inda ya jefar ba.

Matar Malam Isiyaku ƙawata ce, tare muke zuwa islamiyya. Kullum ina sauka da abinci, ina kama mata wanki, ita kuma tana yi mini addu'a har da hawaye, tana cewa ko 'yar uwarta ta ciki ɗaya ba ta yi mata abin da nake yi ba. Shekaranjiya ta roƙe ni in ara musu akwatin solar su riƙa kunna masa 'yar fanka, don bayansa ya fara gyambo saboda kwanciya da zafi. Ni da kaina na sauko da shi na ajiye a gefen katifarsa. Ya daɗe yana kallon akwatin, sannan ya kalle ni, ya ce, "Maman yaro, wayar nan mai kai biyu tana nan kuwa?" Na ce mun daɗe da jefar da ita. Ya ce, "Kun kyauta," ya juya fuskarsa bango. Ban sani ba ko ya gane, ko kuwa tambaya ce kawai irin ta mai sana'a.

Yanzu an kai maganar gaban mai unguwa, ranar Asabar za a zauna, an ce Sabo zai dafa Alƙur'ani, sannan kowane magidanci da ke gidan shi ma zai dafa cewa ba daga wajensa wutar ta fito ba. Mijina ya ce shi zai rantse ne cewa bai jona komai ba, kuma gaskiya ce tunda ba ya gari. Ni na san wannan wasa ne da littafin Allah, amma ba ya jin maganata.

Na duba ta ko'ina ban ga mafita ba. In na faɗa aurena ya mutu, a ɗaure uban ɗana, ƙawata ta tsane ni har abada, kuma ƙafar Malam Isiyaku ba za ta dawo ba. In na yi shiru Sabo ya tafi da baƙin jinin da ba nasa ba, ni kuma in je in tarar da hakkin mutum biyu. Malamai da ke cikin zauren nan, sakin da ya rataya zai faɗa ko da gaskiya na faɗa don in ceci wanda ake zalunta? Akwai hanyar da zan wanke Sabo ba tare da na ambaci kaina ba? Ko in samu Malam Isiyaku shi kaɗai in durƙusa in faɗa masa, duk abin da ya yanke shi ke nan? Don Allah kada ku ce in yi ta istigfari kawai, ina yi, bai hana Asabar matsowa ba. Yau Laraba.