Ranar Da Muka Toshe Wa Hafiz Waya

Tremont, Bronx, New York
12 ga Mayu, 1996

Zuwa ga Yayana Abubakar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da Inna da duk wanda ke gidanmu na Fagge. Barkanmu da Sallah, Allah Ya karɓi layya, Ya maimaita mana da rai da lafiya. Mu ma nan jiki dai lafiya lau. Malam yana nan yana tuƙin tasinsa tsakanin filin jirgin JFK da cikin gari, ciwon bayan nan nasa ya yi sauƙi tun da ya rage zaman mota. Amal ta kusa gama zangon karatu. Sanyi ya janye, har mun fara buɗe taga.

Takardarka da ka ba Alhaji Zayyanu ya taho da ita ta iso hannuna ranar Laraba. Sau uku na karanta ta, kuma Yaya, ba zan ɓoye maka ba, kowane karatu raina ƙara ɓaci yake yi. Ka rubuta wai ƙwallo ai wasa ne, Allah ne bai nufa ba, Hafiz ya share hawaye ya nemi aikin kirki. Na san komai nufin Allah ne, ba sai an tuna mini ba. Amma da hannunmu aka yi abin nan, kuma kai ba ka san yadda aka yi ba, don Malam bai gaya maka ba, nauyinka yake ji. To ni zan gaya maka, in ya so ka yi fushi da ni daga baya.

Da farko ka cire tamaula irin ta gida daga ranka. Ƙwallon nan da hannu ake riƙe shi, dogo ne kamar gwanda, ƙarti ne ke karo da juna da hular kwano a ka. Aikin Hafiz shi ne ya cafke duk wanda ya rugo da ƙwallo ya maka shi da ƙasa. Shekara tara yana abin nan. Shi ya kai shi jami'a, shi ya karya masa yatsu biyu, shi ya sa likita ya tsaga masa gwiwar hagu, ni na yi wata huɗu ina dafa shi zuwa banɗaki. Sau ɗaya a shekara, cikin Afrilu, manyan ƙungiyoyin ƙasar nan suke zama su zaɓi yaran da suka gama jami'a, diraf suke ce wa abin. Bi da bi ake ɗauka, ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi bara ita ke farawa, a zagayo sau bakwai cikin kwana biyu, Asabar da Lahadi. Wanda aka zaɓa, waya ake bugo masa gida. Waɗanda suka rage kuwa, da an tashi taro sai ƙungiyoyi su hau waya suna wawasonsu, kafin awa ɗaya guraben sun cika, sai kuma baɗi, da sababbin yara. Wani mutum daga wata ƙungiya, wanda ya zo kallon Hafiz har sau uku, ya ce masa ko a zagayen ƙarshe ko da an tashi zai neme shi, ya zauna kusa da waya kada a taɓa ta. Lambar gidan nan ya ba shi, don ita kaɗai gare mu.

Ranar Lahadi tun hantsi falona ya cika da maza, ban kuwa gayyaci kowa ba. Gafaru, mutumin Kumasi da suke layin tasi ɗaya da Malam, shi ya fara sallama, da jaridu uku a hammata da murya a dushe. Wai jiya tun asuba ya je ya bi layi a zauren da ake zaɓen, don kawai ya yi wa ƙungiyarsa ihu a kan yaron da ta ɗauka. Ka ji fa, magidanci mai 'ya'ya huɗu ya ajiye mota yini guda don ya je ya daka wa mutanen da ba su san da zamansa ba tsawa. Sai Mahamudu tela, ɗan Maraɗi mai shago a titi na 116 a Harlem, da wasu biyu da suka biyo shi. Suka baje a kan kafet ɗina, suka cinye wainar da na soya wa Hafiz, suka fara. Gafaru ya rantse ƙungiyarsu ba abin da take bukata sai mai jefa ƙwallo, wanda suke da shi wai hannunsa ya mutu tun bara. Mahamudu ya ce ko wane gwani aka kawo, in babu ƙattin da za su tsaya gabansa su kare shi, a gadon asibiti zai ƙare, don haka manyan ƙarti ake so a gaba. Gafaru ya ce me tela ya sani ban da wuyan riga. Mahamudu ya ce shi tun shekarar da ya sauka daga jirgi yake bin wasan nan, ya ƙarasa sauran da Faransanci, na tabbata zagi ne. Duk sunan da aka kira a talabijin sai su miƙe tsaye, wannan ya ce an yi asara, wancan ya ce an yi dabara, suna karanto tsawon yaro da nauyinsa da gudunsa daga jarida kamar masu taya rago ana jibi Sallah.

Da a nan suka tsaya da ban kula su ba. Sai suka juyo kan ɗana, yana zaune a gabansu a kujerar da ke jikin waya. Gafaru ya dube shi sama da ƙasa ya ce gaskiya da ya ƙara inci biyu da tuni an wuce wurin. Mahamudu ya ce ba tsawo ba ne, gwiwar ce ake tsoro, har da miƙa hannu zai latsa ta. Gafaru ya ƙara da cewa, ba don ƙiyayya ba, in ƙungiyarsa ce ta ɗauki Hafiz shi ma ihu zai yi mata, don suna da irinsa har shida, ba shi suke nema ba. A gidana, Yaya! Da wainata a bakinsa! Na fito daga kicin da ludayi a hannu na ce masa in ya ƙara furta kalma ɗaya a kan yaron nan, zai sauka matattakala ba takalmi a ƙafarsa. Malam ya ce in yi haƙuri, baƙi ne. Hafiz kuwa idonsa na kan wayar, ya ma manna mata takarda da ya rubuta kada wanda ya taɓa.

Mun idar da la'asar ke nan, zagaye na bakwai ya kusa ƙarewa, wayar ta yi ƙara. Hafiz ya ɗauka, ya fara magana da Turanci, sai na ga fuskarsa ta sauya, ya ɗan russuna yana cewa lafiya lau Kawu. Kai ne. Kun taru a gidan Alhaji Zayyanu bayan isha'i, ka ce awa biyu kuna fama kafin layi ya shiga, kun kira ne ku yi wa yaro addu'a. Ya miƙa wa babansa yana yi masa alama da hannu ya gajarta. To ka san Malam. Mutumin da kamfanin waya suka yi ta binsa da wata dabara, wadda in kana magana wani ya kira za ka ji 'yar ƙara ka ce wa na farko ya dakata, ya ƙi ƙememe, wai rashin tarbiyya ne a ajiye mutum a tsakiyar gaisuwa. Shi ne zai ce wa yayan matarsa sai anjima? Kuka fara daga gajiya, kuka bi ta iyali da sanyi da kasuwa. Ka ba Baba Liman ya ja addu'a mai tsawo, Malam yana amin da ƙarfi, mazan falo duk suka ɗaga hannu. Ana cikin addu'ar aka kira suna na ƙarshe a talabijin, aka tashi taro, wato daidai lokacin da aka fara wawason. Ka ba matarka, ka ba Alhaji mai gida don kada a ce an zo gidansa ba a gaisa da shi ba. Shi kansa Gafaru, gwanin da ya fi kowa sanin dokar ranar, da ya ji Kano ce sai ya karɓa yana tambayar wani abokinsa a Kantin Kwari. Hafiz yana tsaye yana cewa Baba, Baba, ƙasa-ƙasa, don mu muka koya masa ba a katse babba. Minti arba'in da biyu wayar nan tana hannunmu, Amal ce ta duba agogo.

Bayan an ajiye muka zauna har magariba, ba ta sake ƙara ba. Washegari Hafiz ya samo mutumin nan a ofishinsu. Ya ce a zaɓensu na ƙarshe sun ɗauki yaron da ke tsayawa a wani wuri da suka fi bukata, amma da aka tashi sunan Hafiz ne na farko a takardarsa. Sau shida ya kira, kullum layi a toshe, shugabansa na tsaye a kansa, sai suka ba wani yaro daga kudu gurbin. Abin da ya rage kawai, in an shiga sansanin horo a watan Yuli wani ya ji rauni, wataƙila su neme shi, kuma ya gaya masa ƙarara in ranar ta zo kira ɗaya tak za su yi.

Ka san abin da ya ƙara tunzura ni? Ranar Sallah su Gafaru suka dawo cin nama, suka buɗe sabuwar gardama a kan abin. Gafaru wai dama ƙungiyar can ba irin Hafiz take bukata ba, masu cafke ƙwallon da aka jefo ne suka yi mata ƙaranci, da ya je ma da sun sallame shi. Mahamudu wai a'a, ai nan ne ma da zai haska. Suna ta yi kamar ba ran mutum suke yanka ba. Na kwashe kwanukan daga gabansu na buɗe musu ƙofa, wannan karon Malam bai ce baƙi ne ba. Ya je da kansa an haɗa mana dabarar wayar nan, amma ni na san mijina, ko ta yi ƙara sau goma in muryar babba ce a kunnensa yatsansa ba zai danna ba. Hafiz kuwa kullum da sassafe yana filin shaƙatawa na Crotona yana gudu shi kaɗai, ya dawo ya sa ƙanƙara a gwiwa, ya ci abinci a ɗakinsa. Wannan kake kira wasa.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai, wanda ban taɓa furtawa ba duk da kowa ya gani. Ni na rubuto muku ranar tun cikin azumi na ce a taya shi da addu'a, ban ce kada a kira ba. Kuma ta ƙarshe da ka miƙa wa waya Inna ce. Shekara huɗu rabona da muryarta, ka san ba ta yarda ta fita gidan mutane don waya. Malam ya riga ya fara sallama, ni na fizge kan wayar daga hannunsa. Ta kira ni da sunan nan da ita kaɗai ke kirana da shi, ta tambaye ni ko har yanzu ƙafata na kumbura. Hafiz ya zo ya tsaya a gabana ya miƙo hannu, ƙaton mutum, idonsa ya yi ja. Na gan shi, Yaya. Na juya masa baya na fuskanci bango. Minti goma sha biyar na ƙarshe ni kaɗai na cinye su, kuma da na ji lokacin da mutumin ya ce ya yi kiransa uku na ƙarshe, na san a hannun wa wayar take.

Kwana uku bai yi mini magana ba, na shirya wa duk abin da zai faɗa. Ranar Alhamis ya shigo kicin ya same ni ina wanke shinkafa. Yaron da shekara goma in na yi masa Hausa da Turanci yake amsa mini, ban da gaisuwa, sai ya tambaye ni da Hausa, a karkace yadda yake yin ta, ko Inna tana lafiya, ko ta ji daɗin jin muryata. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Saboda haka ga roƙona, kuma ina yinsa da girmanka a idona. Daga yau har ƙarshen watan Agusta kada kowa ya kira gidan nan, ko kai, ko Baba Liman, ko Alhaji. In magana ce a rubuto. In abu ne na gaggawa, Allah Ya kiyaye, a kira shagon Mahamudu, lambar na ƙasan takardar nan, ko ba komai zai yi amfani sau ɗaya a rayuwarsa. Ka rubuto wa Hafiz da kanka, kada kalmar wasa ta fito a ciki. A takardarka kuma ka ce Inna ta ji daɗin ranar har ta ce a riƙa kai ta gidan Alhaji duk Lahadin farkon wata mu gaisa. Shekara huɗu ina roƙon Allah wannan. Kada a kai ta. Kada kuma ka gaya mata dalili, ba zan so ta san addu'arta ta faɗo a wane lokaci ba, ka ce na ce sai bayan damina.

Ka gaishe mini da matarka Zalia da yara, da Baba Liman, da Goggo Mariatu, da iyalin Alhaji Zayyanu, a yi musu godiyar ɗawainiya. Malam da Amal suna gaishe ku. Hafiz ma na tambaye shi, ya ce a gaida Kawu. Inna kuwa ka zauna kusa da ita ka riƙe hannunta, ka ce mata ƙafar ta daina kumburi, don ranar ban samu na ba ta amsa ba, kuka nake yi.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Aminatu