Batirin da babu tsaga

Auta, na tahi Tasawa, ban jira ka dawo daga daji ba. Ordinatar yayanka marigayi, kwamfutar nan tasa, har yanzu ta ƙi kamawa. Mai gyaran da na kai wa a can ya ce ta mutu, wai in bar masa ita a tiya biyar ta hatsi. Ƙarya yake! Kafin in kai masa, na tsaga batirin da wuƙa yadda nake yi wa ƙorena alama. Wanda ya maido mini a cikinta babu tsaga, musanya shi ya yi. Hotunan ɗana suna cikin ordinatar, yunwa ba ta isa ta raba ni da su ba. In ya musa, gaban soja zan ja shi. Ka ba awaki ƙaiƙayi. Kada ka biyo ni da ban haƙuri.

Uwarka