Sulken da Ka Bari a Cikin Babur

Malang, ranar Talata

Mas Gumelar, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko a kan gonar shinkafa,

Likita ya duba hoton ƙirjinka da safiyar yau. Babu haƙarƙarin da ya karye, huhu lafiya lau, 'yar tsaga ce a ƙashi ɗaya, kuma za ta haɗe da kanta. Ibu ce ta kira ni daga Blitar ta faɗa mini, sannan na kira asibitin da kaina, don aikin jarida ya hana ni yarda da labari daga baki ɗaya, ko da bakin mahaifiyarka ne. Alhamdu lillahi! Tun ranar Lahadi nake shan iska rabi-rabi kamar ni aka doka. Sai yau na cika ƙirjina.

Yanzu da hankalina ya dawo, bari in gaya maka abin da na gani. Bayan an ɗauke ka daga filin wasan kwaikwayon yaƙin zamanin da, ni na kawo babur ɗinka gida. Na ɗaga kujera zan ajiye hular kwano, sai ga ɓarin sulkenka na gefen hagu, wanda ka yanko daga shuɗiyar gangar roba, kwance a ciki da igiyoyinsa. Abin da ya kamata ya tsaya tsakanin sandar rotan mai kama da gora da zuciyar da nake zaune a ciki, shi ka bari yana gadin sifana!

Pak Sutarjo, alƙalin filin, ya cika mini sauran. Ya ce ya ƙwanƙwasa maka ƙirji da baya kafin ka shiga, ya ji roba, ya bar ka. "Mbak Wening, wa zai zaci namiji da hankalinsa zai cire gefe guda? Sai wanda soyayya ta cinye!" Rigar da na ɗinka maka ce ta ƙi shiga a kan sulken, doka kuma ta ce kada roba ta fito fili a yaƙin zamanin daular Majapahit. Kana iya aron wata rigar. Kana iya zama a gefe ka yi kallo. Sai ka zaɓi ka rage sulke don ka sa tawa.

Ka tuna ranar awo a barandar gidanmu, ana yayyafi, ƙanshin furen melati ya cika ko'ina? Ka zo babu sulken, ka ce, "Dik, ƙanwata, auna kawai ki ƙara yatsa biyu, ai ni ba ƙato ba ne." Da na zagaya ka da tef sai na ji ka ɗauke numfashi. Wallahi na ɗauka kusancina ne ya tsayar maka da shi, har na kwana biyu ina murmushi ni kaɗai. Ashe tumbi kake ɓoyewa!

Ya hasken da ke fitowa ta bayan dutsen Semeru, me zan yi da kai? Na rina yadin nan da baba har farcena ya yi shuɗi, na bi wuyan da allura a hannu, na kalmashe bakin sau biyu don kada ya zare. Kowane zare da sunanka na ja shi. Amma ka taɓa jin macen da ta fi son zare a kan wanda ta ɗinka wa? Da ka ce mini ta matse, da a can bakin fili zan farke gefen da haƙorina in ƙara ƙyalle a hammata. Riga ana farke ta a sake. Kai fa, a wace kasuwa zan samo yadinka?

Lokacin da ka durƙusa a cikin ƙura, 'yan kallo suna tafi don sun ɗauka mutuwar wasa ce, ni kaɗai na san ba haka kake faɗuwa ba. Ban yi ihu ba, ka san halina. Amma duniya ta yi mini shiru kamar an kife mini tukunya a ka.

Roƙona ɗaya ne, Mas. Kada ka sake sayen farin cikina da jikinka. In miya ta yi gishiri ka faɗa, in riga ta matse ka faɗa, in ni ce na matse maka ka faɗa. Zan iya ɗaukar gaskiya. Rashinka ne ba zan iya ɗauka ba. Ni kuma na yi maka alkawari: ba zan hana ka filin nan ba, zan ɗinka wata, mai faɗi, wadda za ka ɗaga garkuwa a cikinta ba tare da ta ja ka ba.

Ka sha jamu, maganin gargajiyan nan da Ibu take dama maka, ko da ɗaci, kuma kada ka yi dariya da ƙarfi.

Taka, yau da gobe, har gashinmu ya yi fari kamar hazon tsaunukan garin Batu,
Wening

Na sayo sabon yadi, na wanke, na shanya. Pak Sutarjo ya ce kewayen ƙirjinka da cikakken sulke zai kai santimita ɗari da ashirin. Daga bakinsa kaɗai na ji. Ba zan sa almakashi ba sai na zo Blitar ranar Asabar na auna da hannuna, kana numfashi.