Imel Ɗaya, Waya Biyu

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Yau ma na tashi na tarar da hotunan shanu goma sha huɗu a wayata. Na Yaya Jibirin ne. Tun ranar da ya saya mana waya tare a Gwarzo, shekara biyu ke nan, mai shagon ya buɗe mana imel ɗaya, wai ai 'yan gida ɗaya ne, mene ne na wahala. Shi ke nan fa. Duk hoton da Yaya ya ɗauka a Kabo sai ya biyo ni Kutama, nawa ma su tafi wajensa. Lambobi kuwa sun cakuɗe, in nemi Hajaratu sai in ci karo da "Jalo Mai Bajimi". Ga tsadar data, shanun wani na cinye min ita.

A ofishin malamai na yi ta mita. Malama Raliya ta ce ni ce ban iya ba, an yi abin ne don kada kayan mutum su ɓata. Na ce abin da sai an yi wa mutum karatu kafin ya kashe shi, ina sauƙinsa? Ta ce to in raba mana. Da me? Lambar sirrin a cikin kwalin wayar mai shagon ya rubuta, kwalin kuma Allah kaɗai ya san inda ya shiga.

Laraba, 8 ga Mayu

An sa ranar rabon gadon Baba, Asabar ta sama, kafin ruwa ya sauka. 'Yar fadamar Durun da ya ba ni kyauta, wadda nake noman albasa a ciki, Yaya ya ce shi bai ji da kunnensa ba, a zuba ta cikin gado. Malam Sabi'u mai rabo ya ce in kawo hujja. Ina da ita. Bidiyon da na ɗauka bara, Baba tsaye a bakin fadamar yana faɗa da bakinsa. Ban nuna wa kowa ba, ina jiran ranar.

Wata huɗu ke nan daga gaisuwa ba abin da ke haɗa ni da Yaya.

Juma'a, 10 ga Mayu

Inna lillahi. Na sunkuya jan ruwan alwala a rijiyar makaranta, waya ta zame daga hijabi. Ƙarar faɗawarta kawai na ji.

Asabar, 11 ga Mayu

An ciro ta da ƙugiya. Na binne ta a shinkafa, na shanya, na kai Gwarzo. Mai gyara ya juya ta sau biyu ya ce, "Malama, sai haƙuri." Kuɗin mota ma ya fi ƙarfin wannan amsar.

Da na gaya wa Raliya sai ta ce, "To ba kin ce komai naki na tafiya wajen Yayanki ba?" Wato hujjata ɗaya tilo tana aljihun mutumin da muke jayayya da shi. Danna ɗaya ya ishe shi. Ban iya cin tuwo ba.

Talata, 14 ga Mayu

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi!

Na je gaida Inna a Kabo bayan an tashi daga makaranta, sai ga Yaya ya shigo, ko takalmi bai gama cirewa ba. Muka gaisa sama-sama. Ya zauna ya yi ta latsa waya. Can sai na ji muryar Baba a tsakar gida: "Daga wannan giginyar zuwa bakin rafi, na ba Kamila, halak malak." Har da tarin nan nasa. Inna ta saki muciya ta rufe fuska da mayafi.

Yaya ya ce da ya ji wayata ta faɗa rijiya, Inna ta gaya masa abin da nake wa kuka, shi ne ya zauna ya bi tarkacena ɗaya bayan ɗaya. "Hoton lalle, hoton atamfa, hoton allo, sun fi dubu. Ke ba kya gajiya?" Na ce shanunsa fa? Ya ce shanu ai dukiya ne. Daga nan ya ce bidiyon Baba kuwa ya kalle shi ya fi sau ashirin.

Na tambaye shi, don bakina ba ya ajiye magana, ko bai yi tunanin gogewa ba. Ya harare ni. "Ban iya ba," in ji shi. Ƙarya yake yi, na sani. Ina jin kunyar tambayar har yanzu.

Asabar, 18 ga Mayu

An yi rabo lafiya. Shi da kansa ya miƙa wa Malam Sabi'u wayar, ya ce ya janye maganarsa, a cire fadamar kafin a fara. Ko minti biyar ba a yi a kanta ba. Na ji kamar an sauke min buhun gero daga ka.

Da za mu tafi Inna ta ce in miƙo mata allura. Ina buɗe abin da take ajiye zare a ciki, sai ga rubutun mai shago da jan biro. Kwalin wayar ne! Shekara biyu yana ƙarƙashin gadonta, mu muna ta zage-zagen waya. Ta ce ita ina ta sani, ta ga kwali mai kyau ne. Na yi dariya har da hawaye.

Talata, 21 ga Mayu

Na sayi 'yar waya ta hannu a Gwarzo. Mai shagon ya ce a buɗe min sabon imel nawa ni kaɗai, minti biyu ne. Na miƙa masa kwalin na ce ya sa tsohon. Saboda lambobina ne kawai. Raliya ta yi ta min dariya, wai ina mai mita? Na ce zan raba, sai dai ba yau ba.

Alhamis, 23 ga Mayu

An yi ruwan shuka jiya. Da safe na duba waya: shanu uku, sai hoto ɗaya na fadamata, ƙasa ta jiƙe sharkaf, an gyara shingen da ya faɗi ta wajen giginya. Bai kira ba, bai turo saƙo ba. Ya san zai iso.

Na ɗauki hoton kwanon dambun da na yi, na bar shi a wayar. Na mayar wa Inna kwalinta, tana bukatar wajen zare.