Baƙuwa daga Malabo

Laraba, bayan isha, International City

Ƙafafuna ciwo suke, amma sai na rubuta wannan. Da hantsi wata mata ta shigo shagonmu na kasuwar Naif, nan Dubai, neman takalma, tana waya da wani yare. Da ta ji na yi wa abokin aikina Sani magana, sai ta ce, "Kai Bahaushe ne, ɗana?" Hausarta ta tsofaffi ce, irin ta Inna.

Hajiya Ladi sunanta, daga Malabo, wani gari a kan tsibiri a tekun da ke kudu da Kalaba. Ta ce kakanninsu aikin gonar koko ya kai su. Yanzu daji ya cinye gonaki da yawa, baƙi kuma kunkurun teku suke zuwa kallo. Ta nuna mini hoton gaɓarsu, yashin baƙi wuluk.

Gabana ya faɗi, don can Kawu Ilu, wan Inna, ya tafi tun tana budurwa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Na tambaye ta ko ta san shi, na ce ɗan Gaya ne, yatsunsa shida a hannun hagu.

Ta ajiye takalmin. "Ilu mai shida? Ai shi ne ladanmu. Ya tsufa, amma yana nan."

Na manta da ciniki, na kira Inna na gaya mata. Sai na ji tana dariya cikin kuka.

"A tsakiyar teku? Ilun da ko rafin garinmu sai an riƙe masa hannu? Karɓo mini lambarsa."